Ranar da Muka Nemi Lokal a Cikin Shinkafa

Ban san shekarar haihuwata ba, ban kuma taɓa jin wani abu ya ragu a jikina don ban sani ba. Inna dai ta ce da damina aka haife ni, daminar da kogi ya cika ya tafi da gadar katakon garinmu, har mutane suka koma ƙetarewa da gora. Lokacin yaƙi ina yarinya, abin da na riƙe shi ne rugugin motocin soja da yadda kaji ke watsewa idan sun wuce. Shekarar da aka ce direbobi su bar hannun hagu su koma dama, na isa in ɗauko cikakken damin shinkafa daga fadama har gida ban sauke ba. Ga ni yau a ƙasar da har yanzu hagu suke bi, kamar ba a aiko musu da labarin ba. To tsakanin canjin kuɗi da shekarar da aka ƙara wa ma'aikata albashi har masinja ya sayi babur, a nan na fara jin kalmar nan ta Turanci, lokal. Turancina bai wuce na gaisuwa ba, amma wannan kalma ɗaya kam ba mai koya mini ita. Na ɗauka na baro ta can gida tare da turmi da taɓarya. Ashe ta riga ni sauka Kuala Lumpur, tana zaune tana jira. Da ta tashi cizo kuma ba ni ta ciza ba, ƙaramar jikata ta ciza, Godiya, har yarinya ta ƙi abinci ta ƙi makaranta. Zan zo kan wannan. Ku bari in fara da shinkafa, don daga can abin ya taso.

Mu masu gumi ne. Ga wanda bai sani ba, gumi shi ne a jiƙa shinkafa tana cikin ɓawonta, a turara, a shanya, sannan a surfe. Kakata ta yi, Inna ta yi, mu ma a ciki muka buɗe ido. Aikin kuwa tun shinkafa tana gona yake farawa. Da ta fara nuna, mu 'yan mata ake turawa korar tsuntsu. Baba ya ja igiya daga wannan bakin fadama zuwa wancan, ya rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, mu hau rumfa mu yi ta fizga muna ihu tun raɓa ba ta bushe ba. Tsuntsayen su tashi kamar hayaƙi, su kewaya, su dawo ta bayanmu. Har yau idan jirgin ƙasan nan nasu mai bi ta saman titi ya wuce da sassafe, a cikin barci sai in ji hannuna yana laluben igiya.

Bayan an yanke an sussuke, sai gida ya koma na mata. Manyan tukwane a jere a kan murhu, tururi na tashi, ƙamshin kuwa tun daga bakin gari baƙo zai san ya iso unguwar masu gumi. Mu kwashe da zafinta mu kai falalen dutse da ke bayan gari mu baza, mu riƙa bi da ƙafa muna juyawa, tafin ƙafa na ƙuna, ba mai cewa wayyo don kada a yi masa waƙa. Inna ba ta yarda da ido. Sai ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta ciza, ta ce, "Ku kasa kunne, ita da kanta za ta faɗa muku idan ta bushe." Idan ta yi ƙas, to gobe surfe. Mu uku muke hawa turmi ɗaya, ni da Lami 'yar maƙwabtanmu da Talatu mai bakin tsiya, wadda ba ta iya ba da labari ba ta ƙara masa gishiri ba. Mu yi ta lugude, a cilla taɓarya sama a tafa a cafe, ɓuntu na shiga wuya yana ƙaiƙayi, samari na raɓewa jikin danga suna yi kamar hanya ce ta biyo da su. Yanzu matar ɗana tana da wata tukunyar lantarki. A zuba, a danna, a tafi kallon waya, idan ta gama ta yi kuka kamar ɗan tsako. Ban ce ba sauƙi. Amma a gidan nan ba wanda zai iya gaya maka wace gona ta haifi abin da yake ci.

Ranar kasuwa ni ke ɗaukar wa Inna ƙwarya zuwa kasuwar tasha. Akwai wata matar akawun jirgin ƙasa, Misisi muke ce mata, wadda ta daɗe tana saye a wurinmu. Inna har ware mata take yi, wadda aka fi regewa. Ran nan sai ga ta tafe da wata ƙawarta, sun haɗa kai a ƙarƙashin lema ɗaya.

"Misisi, ga taki nan na ajiye miki," in ji Inna. "Jiya jiyan nan aka surfe."

Da can tsugunawa take yi ta cika hannu ta sansana. Ran nan ba ta tsuguna ba. Ta sa kan yatsa ɗaya ta taɓa, ta kakkaɓe.

"Ayya Mama, mun daina. Maigidan ya ce lokal ce."

"Ya ce me ce ce?"

"Lokal. Yanzu ba ya cin lokal."

Suka wuce. Inna ba macen da za ta tambayi ma'anar magana a gaban 'yan kasuwa ba ce. Ta rufe ƙwarya da faifai, ta ce in ɗauka, muka kama hanya rana tsaka. Muna shiga gida ta shimfiɗa tabarmi, ta juye shinkafar nan duka, har da wadda ke ɗaki, ta ƙwala wa su Lami kira.

"Ku zo ku duba mini da idon yara. An ce akwai lokal a ciki."

Muka durƙusa muka shiga tonawa. Mun ɗauka wani sabon ƙwaro ne, ko wata funfuna da ba mu taɓa gani ba. Lami ta tsinci wata baƙar ƙwaya ta ɗaga sama tana ihu, "Ga shi! Na kama shi!" Talatu ta rantse ta san shi, wai daga kudu jirgi ya kawo shi, wai yana da ƙafafu kamar na kwarkwata, kuma wanda ya ci cikinsa kumbura yake yi. Kafin la'asar rabin matan unguwa suna tsakar gidanmu, don idan ya shiga tamu to ya shiga tasu. Wata tsohuwa ta ce a barbaɗa toka, wata ta ce barkono ya fi. Muna cikin haka ɗan ƙanin Baba ya shigo, wanda ke makarantar horon malamai, ya zo hutu. Ya tambaya, aka gaya masa. Yaron nan ya yi dariya har sai da ya dafa rumbu.

"Inna, lokal ba ƙwaro ba ne. Turanci ne. Ma'anarsa abin nan wurin, wanda aka yi a nan."

"To?"

"Shi ke nan."

"Shi ke nan me? A ina za a yi ta in ba a nan ba? A sama?"

Ya daina dariya. Ya ce yanzu akwai wata fara sol da ake kawowa a jirgin ruwa daga bayan teku, doguwa, ba tsakuwa, ita manya ke ci. Matan suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suna kakkaɓe zane. Inna ta daɗe a zaune da shinkafa a tafin hannunta. Can ta ce, "Da ƙwaro ne, na san maganinsa." Ta mai da shinkafar kan tabarma, sannan ta ce, "Ashe laifinta ɗaya, a ƙasarmu ta tsiro." Da yamma ta tuƙa tuwo da wadda ta ware wa Misisi, muka ci ba mai kallon wani.

Daga nan kalmar ta bi gari kamar gobarar daji. Kazarmu ta zama lokal, sabulun salo lokal, zanen saƙi lokal. Da ta gama da kaya sai ta hau kan mutane. Yarinya mai tsaga a fuska lokal ce, mai gaida manya a durƙushe lokal ce, wanda ya yi Turanci da harshen garinsu shi ma lokal. Ba a rana ɗaya gumi ya mutu a unguwarmu ba, a hankali ya yi ta ramewa. Tukwane suka koma na ajiyar ruwa, turame aka kife ana zama a kai, 'yan mata suka tafi birni aikatau. Inna har ta koma ga Ubangiji ba ta sa farar shinkafar nan a bakinta ba. Ta ce ta gwada sansanawa, ba ta ji ƙamshin kowa a jikinta ba.

Bayan rasuwar maigidana, ɗana da ke koyarwa a wata kwaleji a nan ya ce in taho a duba mini gwiwa. Na taho, gwiwa ta yi sauƙi, aka ƙi mai da ni. Ban daɗe ba na fara jin tsohuwar abokiyar gabata a bakin mutane, amma ta canza riga. Ka je wurin kallon tsuntsaye, a ce lokal su bi nan, baƙi su bi can. Rahila, 'yar 'yata da ke karatu a nan, ta yi ta neman ɗakin haya. Duk wanda ta kira a waya, tambayar farko, lokal ce? Da ta ce a'a, sai a kashe. Wata rana kuma muka je kanti da matar ɗana, na ga wani wuri wayam ba buhu ko ɗaya. Ta ce ai shinkafar lokal ce ta ƙare, rububinta ake yi, da an sauke ake kwashewa. Na ce ta maimaita mini. Ta maimaita. Na nemi buhun 'yar waje na zauna a kai na yi dariyar da ba ta daɗi ba, har mai gadi ya leƙo. Kalma ɗaya! A garinmu da ita ake tura mutum baya, a nan da ita ake buɗe masa ƙofa. Ashe su masu Turancin ba su sa mata zagi a ciki ba. Mu muka karɓa muka zuba mata, muka juya muka watsa wa iyayenmu.

Kuma Rahilar nan da aka hana ɗaki don ba lokal ba ce, ita ce za ta shigo ta tarar na yanka kuɓewa na shanya a baranda, ta riƙe ƙugu. "Kaka, don Allah! Maƙwabta na gani fa. Kin cika yin abu lokal lokal." Idan na gaida mutane a cikin lif, ta taka mini ƙafa. Idan na ci da hannu a shagon abinci, ta sunkuyar da kai, alhali mutanen ƙasar da ke teburin gefe da hannu suke ci har suna suɗewa. Na ƙyale ta. Yarinya ce, kuma miyar kuɓewar ita ke fara neman ƙari.

Wanda ban ƙyale ba shi ne na Godiya. Ita a nan aka haife ta. Yaren Malay a bakinta kamar ruwa, Turanci haka, Hausarta ce dai ke ɗingishi. A makarantarsu suka daɗe suna koyon wata rawar gargajiyar ƙasar, wadda ake riƙe 'yan faranti a tafin hannu ana juyawa. Ta fasa mini faranti ba ɗaya ba a falo tana gwaji. Ita aka sa a gaba. Da lokacin gasa da sauran makarantu ya matso, malamar ta kira ta gefe, ta rungume ta, ta ce ta yi haƙuri, gasar ta lokal ce kawai. Yarinya ta dawo ta shige ɗaki. Ta ce ba za ta sake zuwa makarantar ba, ba kuma za ta sake yin yarensu ba har abada. A kai mata abinci, a ɗauko shi yadda aka kai. Uwarta ta lallasa, ubanta ya yi faɗa, a banza.

Ranar da aka samu ta fito teburi, Rahila ma tana nan. Godiya ta yi ta juya cokali, can ta ɗago.

"Kaka, ni a Najeriya lokal ne?"

"Ce," na ce mata. "Ke mace ce."

Kafin in ƙara, Rahila ta fashe da dariya. "Allah ya kiyaye! Ke, a gida idan an ce miki lokal zagi ne fa. Baƙauya ke nan. Kada ki yarda kowa ya kira ki haka."

Yarinyar ta dubi wannan ta dubi wancan. "To nan ba ni ba. Can kuma zagi." Ta ajiye cokali. "Ina ne nawa?"

Na juyo kan Rahila. "Rahila, rufe mini baki! Ƙashin bayan uwarki da tuwon lokal aka gina shi, ja'ira. Wa ya ce miki zagi ne? Wa ya fara mai da shi zagi in ba marasa kunya irinki ba?"

Ɗana ya ce, "Mama, a yi haƙuri. Ba laifin malamar ba ne, ƙa'ida ce, gasar ta 'yan ƙasa ce."

"Da ake koya mata rawar ba a san ƙa'idar ba?"

"Mama, mu baƙi ne a nan. Sai a hankali."

"Kai ne baƙo, kai ka zo da akwati. Ita da wane akwati ta zo?"

Godiya ta koma ɗaki.

Ranar Asabar da safe na ɗaura zanena na zuwa coci, na buɗe ƙofarta. "Sa takalmi, za ki raka ni Kampung Baru. Ni ban iya karanta allon tasha ba, idan na ɓata ke za a tambaya." Ta taso tana kumbure-kumbure. A unguwar nan iyayenta suka yi haya lokacin da aka haife ta, ni kuma a lokacin na zo wankan jego na koma gida. Tsohuwar unguwa ce ta gidajen katako, dogayen benaye sun kewaye ta kamar za su faɗo mata. Da muka fito daga tasha sai na tarar an sauya komai. Na gane hasumiyar masallaci, na gane ƙamshin gasasshen kifi, lungun ne ya ɓace mini. Na ce ta tambaya mana gidan tsohuwar da ke sai da shinkafa a ganyen ayaba, mai mangwaro a ƙofa. Ta ce ai ta rantse ba ta yin yaren. Na ce madalla, na sami benci na zauna na miƙe ƙafa. "Sai mu tsufa a nan tare." Rana ta fara cizo. Ta yi tsaye ta gaji, ta ja ƙafa ta je wurin wani mai sai da ruwan rake. Da ta buɗe baki kamar an kwance famfo. Mutumin ya waiga yana neman 'yar Malay ɗin da ta yi magana, sannan ya dubi ƙasa ya gan ta, ya yi dariya, ya bar rakensa ya raka mu har kwana.

Gidan na nan, mangwaron ma na nan, an dai sare masa gefe ɗaya saboda wayar lantarki. Makci, haka suke kiran macen da ta girme ka, tana zaune a kujera ta rame, 'yarta ce ke ciniki yanzu. Ta ƙura mini ido. Sai ta ɗora yatsa a kan cibiyarta ta ƙyalƙyale da dariya, bakin ba haƙori.

A gindin mangwaron na gaya wa Godiya. Ranar da cibiyarta ta faɗi, uwarta za ta jefa a kwandon shara, na karɓe na ƙulle a tsumma. A wurinmu ba a yar da cibiya, binnewa ake yi, kuma inda aka binne ta nan ne garin mutum. Na sauko ina neman ƙasa, ko'ina siminti. Matar nan ta gan ni ina tonon gefen kwata da cokali. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa. Na kwance tsumma na nuna mata. Ba ta tambayi fasfo ba. Ta kama hannuna ta kawo ni nan, ta ɗauko fartanya da kanta.

Godiya ta yamutsa fuska. "Kaka, wannan ƙazanta ne!"

"Ƙazantarki ce."

Ta dubi gindin bishiyar. "Ina daidai?"

Na nuna mata tsakanin saiwa biyu. Ta cire takalmi ta taka wurin a hankali, kamar mai gwada zurfin ruwa. Makci ta yi wata doguwar magana tana nuni da sanda.

"Me ta ce?"

"Ta ce su ma suna binnewa. Na 'ya'yanta duk suna ta wancan gefen. Ta ce ni anak sini."

"Da Hausa."

Ta yi tunani. "'Yar nan."

Tsohuwar ta daka wa 'yarta tsawa, "Makan!" Wato a ci abinci. Aka kawo ƙunshin ganyen ayaba. Yarinyar da ta yi kwanaki tana ture abinci ta zauna a kan saiwa ta cinye tas da hannu, har ta karɓi nawa.

Ba su bar ta ta yi rawar ba, kuma ban yafe ba. Kada wani ya zo ya ce mini ƙa'ida. Amma ranar Litinin ta sa rigar makaranta da kanta, na ji ta a bakin lif tana zuba wa 'yar maƙwabta surutu da yaren da ta rantse ta bari.

Da ta dawo ta tambaye ni ina tawa cibiyar take, kuma wa zai gane ta idan ta je can. Na ce tawa tana can garinmu, sannan na zauna na lissafa. Lami ta tafi shekarar da aka kulle mutane a gida saboda annoba. Misisi na ji labarin rasuwarta tun da daɗewa. Ɗan ƙanin Baba yana Kaduna, amma ba ya gane ko 'ya'yansa. Falalen dutsen an fasa shi an yi gini. A duk waɗanda suka durƙusa a tabarmar nan ran nan, daga ni sai Talatu, tana can garin a ɗakin jikanta, ido ya tafi, baki na nan. Ita kaɗai ta rage da za ta shafa fuskar yarinyar nan ta ce jikar wance ce, ta gidan masu gumi. Na ce wa ɗana hutun nan mai zuwa ya nema mana jirgi, ni da Godiya. Ya ce, "Mama, sai an duba." Na ce ya duba da sauri, don Talatu ba ta taɓa jiran kowa ba.